Ƙodago da Azurfa: Tarihin Adon Mata a Ƙasar Watari

Shimfiɗar ɗan koli a kasuwar Bichi ko ta Badume ta isa ta nuna inda adon matan karkara ya tsaya a yau: awarwaron roba, 'yan kunne masu ruwan gwal da ke koɗewa kafin wata sallar ta zagayo, jigida kala-kala da aka zubo daga masana'antun Sin. Ganin haka ne ya sa wasu ke kiran a farfaɗo da ƙera kayan ado daga abin da gona da dawa ke bayarwa, wato 'ya'yan itace da fata da kaba, don matan ƙauye da samari su sami abin yi. Kiran yana da kyau, amma zai faɗi ƙasa banza idan aka manta da abin da tarihi ya nuna. A ƙasar Kano kayan ado aiki biyu suke yi tun fil azal: kwalliya da ajiyar dukiya. Ƙarfe mai daraja ya riƙe ajiya har gobe, roba ta ƙwace kwalliyar talaka, kuma duk mai son kafa wannan sana'a a Bagwai ko Bichi dole ya san a tsakanin waɗannan biyun zai nemi wurin tsayawa.

Ɓangaren ajiya shi ne wanda marubuta suka fi gani, domin ta birni yake biyowa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ake danganta kafa kasuwar Kurmi da shi, Kano take karɓar kayan da raƙuma ke ratso hamada da su. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a birnin a 1851, ya tarar da duwatsun ado na Turai cikin hajar da ake kawowa ta Tarabulus, ya kuma tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Liyarin nan, mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinsa, shi ne babbar mahaƙar azurfar maƙeran fari. Maƙeri zai jefa shi a 'yar tukunyar narki, yaro na zuga gawayi da zugazugi, in ya narke a zuba, a ɗora bisa uwar maƙera a buge, a lanƙwasa shi ya koma munduwa ko zobe. Matar da ta sa munduwar nan ta san nauyinta, ta san ranar da hatsi ya ƙare a rumbu za ta iya cire ta ta kai kasuwa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sulallan azurfa da aka fara bugawa don Afirka ta Yamma a 1913 sun bi sahun liyari zuwa maƙera, har aka sauya su da na gaurayen ƙarfe a 1920. Gwal ɗin Makka da Dubai da ake sa wa a lefe yanzu magajin munduwar nan ne, aikinsu ɗaya.

Ɓangare na biyu bai bar takardu da yawa ba, amma shi ne na yawancin mutane. Yarinyar ƙauye tana tashi da jigida a ƙugu, wadda a da ake fafe ta daga ɓawon ƙwarar kwakwa, a huda, a shirya a zare. Baduku yana ɗinka laya da kambu da tandun kwalli da fatar akuya da majemi ya jeme da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Lalle yana bayan gida ko gefen gona, baba yana marina. Goriba kuwa ba abin yarwa a jikinta: yara su gwagwiyi zaƙin, mata su saƙa tabarma da faifai da kabarta, ƙodagon ya rage. In aka fasa ƙodagon da ya ƙosa, a ciki akwai ƙwaya fara mai taurin gaske, wadda ke yankuwa da zarto, ta gogu da magagari, ta hudu, ta kuma sha rini. In an goge ta da kyau sai ta yi sheƙi kamar haure. Darajarta ba zato ba ne: a zamanin mulkin Italiya a Eritiriya, da wannan ƙwayar ta goriba ake yin maɓallan riguna ana kai wa Turai, har roba ta zo ta kashe kasuwar.

Abin da ya sa irin wannan ado ya daɗe a nan yana da nasaba da yadda ƙasar take. Karkarar Kano na cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, gona na manne da gona, ba a barin saura. Duk da haka binciken Michael Mortimore ya nuna itatuwan gona ba su ƙare ba, domin kowace ɗorawa, kowace kuka da tsamiya tana da mai ita, kuma mai abu ba ya sare abin da ke ciyar da shi. Ga kuma rani mai tsawo, wanda ke barin hannu ba aikin gona wata da watanni, ga matan kulle da mai bincike Polly Hill ta bayyana yadda suke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gida ta hannun 'yan talla. Kayan aiki a kusa, lokaci a hannu, mai saye a maƙwabta: a kan waɗannan sana'ar ta zauna.

Faɗuwarta ta fara ne da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Kuɗin gyaɗa ya shiga aljihun manomi, kantunan Turawa da na Kwarori suka cika da duwatsun gilashi, daga baya na roba. Jigidar da mutum zai kwana biyu yana hudawa, inji ya fitar da dubunta kafin azahar. Hatta manyan cibiyoyi ba su tsira ba. A Ilori, masu huda jan dutsen lantana, wanda fatake Hausawa ke kawowa daga bakin kogin Kwara a ƙasar Nijar ta yau, sun durƙushe a shekarun 1920 da 1930. Masagan Bida, masu ƙarau, sun rayu ne saboda sun koma narka fasassun kwalabe, kuma aikinsu yana da sunan da ake nema.

Za a ce, to wa zai saya? Amaryar Bagwai ba za ta karɓi sarƙar ƙodago a maimakon gwal ba, kuma tana da gaskiya, domin ƙodago ba ya sayuwa ranar buƙata. Sai dai ba a lefe kasuwar take ba. Kwalliyar yau da kullum, ta 'yan mata da ɗalibai da ma'aikatan birni, ita ce roba ta mamaye, kuma a nan ne abin da ba ya koɗewa, ba ya sa kunne ƙaiƙayi, zai iya samun mai so a Kano da Kaduna da Abuja, in an gama shi da kyau. Sharaɗin ke nan, gamawa. Huda a karkace ko zare mai tsinkewa ya isa ya kori mai saye har abada, kuma farashin da bai biya awannin gugar magagari ba zalunci ne ga mai yi, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Za a kuma ce hutun ranin da ake taƙama da shi ya tafi, tunda madatsar ruwan Watari da aka kammala a 1980 ta mai da rani lokacin tumatir da albasa da shinkafa. Haka ne ga wanda ke da fili a bakin ruwa. Amma ruwan bai kai kowace gona ba, kuma matan da ke cikin gida noman rani bai canza musu yini sosai ba. Su ne sana'ar ta fi dacewa da su.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa fitowar abu daga itace ba ta sa shi zama marar illa. Wannan gaskiya ce tsantsa. Goribar da ake yanke wa kaba tun tana ƙarama ba ta tashi ta zama bishiya, balle ta haifi 'ya'ya. Inda aka matsa mata da yanka sai ta tabbata a kututture. Idon zakara, jan ƙwayar nan mai baƙin ɗigo da ke jan hankalin kowa, tana ɗauke da guba mai kisa in an huda ta ko an tauna, don haka ba ta da wuri a wuyan yaro ko a hannun mai huda. Amsar tana cikin tsohon tsarin karkarar nan: a tsinci abin da ya faɗo, a sayi ƙodago da bagaruwa daga mai gonar da kuɗi, yadda zai ga amfanin barin 'yan goriba su girma a kan iyaka.

Saboda haka masu tallafa wa sana'o'in mata, na gwamnati da na ƙungiyoyi, su daina raba buhunan duwatsun roba da sunan koyar da sana'a. Su nemi tsofaffin dukawa da maƙeran fari da suka rage a Bichi da Bagwai da cikin birni, su biya su su koyar, su kuma sayi zarto da magagari da mahudi mai kyau ga waɗanda suka koya.