Ƙarar Bindiga: Daga Kusugu Zuwa Salansar Maxim

Makamin da tarihin Daura ya buɗe da shi ba ya ƙara. A labarin rijiyar Kusugu, cikin dare Bayajidda ya sare kan macijiya da takobi, gari na barci, sai da safe aka sani. Bindiga ta zo daga baya, kuma da ta zo, ƙararta ce rabin amfaninta.

A ƙarni na 19, bayan mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Ishaku sun karɓe birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, danginsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, a inuwar Damagaram. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya tara bindigogi masu yawa, ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a birninsa. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta, ba ta da saiti sosai, kuma kafin a sake ɗuri mai baka ya saki kibau da dama. Aikinta na gaske shi ne ta firgita dawaki, ta turnuƙe fage da hayaƙi, ta sanar cewa mai iko ya iso.

Sai Turawa suka zo da wata iri. A watan Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta ci Kano, a Maris ta ci Sakkwato, tana ɗauke da bindiga mai jigida ƙirar Maxim. Wanda ya ƙirƙiro ta, Hiram Stevens Maxim, ya kurmance a ƙarshen rayuwarsa bayan shekarun gwajin harbi. Ɗansa kuwa, Hiram Percy Maxim, shi ya yi rajistar na'urar rage ƙarar bindiga a Amurka a 1909, kuma ya yi aiki da dabarar a kan injuna. Salansar babur 'yar uwar wannan na'ura ce.

Dabarar ba ta da wuya. Bututu ne mai ɗakuna a ciki da ake ɗaurawa a bakin bindiga, iskar albarushi mai zafi ta bi ɗaki-ɗaki, ta huce, ta fito a hankali. Fina-finai sun yaudari mutane a nan, domin ba ta kashe ƙara, ragewa take yi da desibel 20 zuwa 35. Ta fi tasiri a kan ƙaramar bindiga mai lamba .22, wadda sinadarin tayar da wutarta ke gefen gindin harsashi, ba a tsakiya ba. Ko ita ƙararta na kaiwa kusan desibel 140, matakin da harbi ɗaya ke iya lahanta kunne. Shi ya sa mafarautan ƙasashen da doka ta yarda suke duba abu biyu kafin saye: ko za a iya kwance na'urar a wanke, tun da harsashin .22 na barin dattin dalma da toka, da kuma gudun harsashin, domin wanda ya zarce gudun sauti, kimanin mita 340 a daƙiƙa, yana da tasa tsawar da babu bututun da zai hana. Amurka ta ɗora wa na'urar rajista da harajin dala 200 a dokar 1934, kuɗi mai nauyi a lokacin.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 wata hanya ta bi. Ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa; na kai, da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda; da masu ɗurin baki irin bindigar toka, a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. A kashi na uku bindigar maharba da ta fada suke.

Har yau, a hawan Sallah da Sallar Gani a Daura, albarushi zalla 'yan bindigar sarki ke ɗurawa, ba harsashi, don ƙarar kaɗai ake so. Amma sunan nasu ya sauya ma'ana. A labaran rediyo na shekarun nan, idan aka ce "'yan bindiga" a Jihar Katsina, masu kai hari ƙauyukan Batsari da Jibiya da Faskari ake nufi, kuma a can ƙarar harbin farko ce sau da yawa ke tashin mutane su kwashi yara su shiga daji.