Hoton Jere a Ƙasar Holand: Daga Buroshi Zuwa Kyamara

1.0 Gabatarwa

Akwai wani nau'in zane da mutanen Holand ke kira stilleven, kalmar da ta fara bayyana a takardun lissafin kayan gado wajen shekarar 1650. Ma'anarta rayuwa da ta tsaya cik. Ingilishi da Jamusanci daga gare ta suka aro nasu sunan, amma Faransawa suka ce nature morte, wato halitta matacciya. Abin da ake zanawa shi ne kayan da aka ɗora bisa teburi: furanni, gurasa, kifi, kofin gilashi, wani lokaci har ƙoƙon kan mutum. A wannan maƙala an zaɓi a kira shi hoton jere, domin Bahaushe ya san jere a ɗakin amarya, ya kuma san cewa kwanoni ba su hau kan juna da kansu ba. Fassarar "hoton abubuwa marasa rai" ta bi Faransanci ne kawai, ta zubar da hannun mai jerawa, wanda kuwa shi ne jigon tarihin.

2.0 Tushe

Bayan tarzomar fasa gumaka ta 1566, majami'un lardunan arewa, da suka koma bin tafarkin Calvin, sun daina sayen zanen waliyyai. Sai masu zane suka juya ga fatake, su kuwa fatake kayansu suke son gani a bango. Kamfanin cinikin Gabas da aka kafa a 1602 ya cika Amstadam da barkono da tangaran ɗin Sin, ba da jimawa ba suka bayyana a zane. Pieter Claesz da Willem Heda na garin Haarlem sun shahara da teburin kalaci, inda sau da yawa ake ganin lemon tsami da aka fere rabi, ɓawonsa na reto.

Sai dai abin lura yana cikin zanen furanni. Ambrosius Bosschaert, wanda ya rasu a 1621, yakan haɗa cikin tulu ɗaya furannin da ba sa tohowa a wata guda. Kowane fure yakan zana shi a lokacinsa, ya adana, daga baya ya harhaɗa. Ke nan damin da mai kallo ke sha'awa bai taɓa wanzuwa ba. Haka kuma zanen ya yi shiru game da inda dukiyar ta fito. A 1637, shekarar da kasuwar furen tulif ta rushe, a cikinta ne sojojin Holand suka ƙwace ganuwar Elmina daga hannun Fotugal, wadda ta zama mashigar cinikinsu na bayi.

3.0 Zuwan Kyamara

Jama'a sun ɗauki kyamara a matsayin mai shaida, abin da ta gani shi take faɗa. A shekarun 1920 Piet Zwart ya ɗauki hotunan wayoyin lantarki kusa-kusa domin tallan wata masana'anta a Delft, ba tare da waiwayen tsofaffin masu zane ba. Waiwayen ya yi ƙarfi ne daga shekarun 1990, daidai lokacin da kwamfuta ta raunana shaidar kyamara, kuma hoto ya sami gidajen nuni nasa na kansa, kamar Huis Marseille a 1999 da Foam a 2001.

Bas Meeuws, haifaffen 1974, yana ɗaukar kowane fure shi kaɗai, ya tara dubbai a kwamfuta, sannan ya jera su zuwa dami guda. Wasu na ganin wannan kwaikwayo ne. A ra'ayin mai wannan rubutu, kamannin ne kwaikwayo, kuma shi ne ɓangare mafi rauni a aikin. Dabarar kuwa gado ce ta halal, domin ita ce ta Bosschaert sak, kayan aiki kaɗai suka sauya. Margriet Smulders ta bi wata hanya: takan shimfiɗa furanni bisa manyan madubai tare da ruwa da gilashi, har ido ya kasa rabe fure da inuwarsa.

Waɗanda suka fi kusa da ruhin ƙarni na 17, ko da yake aikinsu bai yi kama da shi ba ko kaɗan, su ne Maurice Scheltens da Liesbeth Abbenes. Riguna da kujeru da kwalabe suke jerawa, yawanci bisa odar kamfanoni da mujallu irin su Fantastic Man, sannan hotunan su shiga gidan nuni, kamar yadda aka yi a Foam a 2019. Mai haja ne ya biya, hajarsa ce a teburi, kamar zamanin Heda.

Tsohuwar tambayar asalin kaya ma ba ta kau ba. Kaso mai yawa na furen wardi da ake gwanjo a kasuwar Aalsmeer daga gonakin Kenya da Habasha jirgin sama ke kawo shi, kuma da wuya hoton jere ya nuna hannun da ya tsinko.