Daga Sandhurst zuwa Fadaman Mada: Tafiyar Aikatau "Pass Out"

Sakatariyar hukumar NYSC ta Jihar Bauchi tana unguwar Fadaman Mada, saboda haka mazauna unguwar sun saba ganin 'yan bautar ƙasa cikin kakinsu, sun kuma saba jin su suna ƙirga watannin da suka rage su yi "pass out". Ba'amurken da ya ji haka zai ɗauka suma suke shirin yi. Wasu malaman Turanci ma sukan jefa wannan amfani cikin jerin kurakuran 'yan Nijeriya. A ganina sun yi gaggawa. Gado ne mai asali, kuma ana iya bin sawunsa.

Aikatau ɗin haɗin gambiza ne. "Pass" ta shiga Turanci daga tsohon Faransanci, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin taku. "Out" kuwa 'yar gida ce tun tsohon Turanci, ma'anarta waje. Haɗuwarsu ta fara da ma'ana ta zahiri, wato wucewa zuwa waje, sannan ta yi rassa. Akwai rarrabawa, kamar malami ya raba takardun jarrabawa, kuma nan dole a ambaci abin da aka raba. Akwai suma, wadda ta bazu a farkon ƙarni na 20, domin mai suma ya fita daga hayyacinsa. Akwai kuma kammala horon soja ko na 'yan sanda, ma'anar da ta yi ƙarfi a Ingila amma ba ta kama ƙasa a Amurka ba.

Wannan ta ƙarshen ita ce tamu, kuma ta bariki ta shigo. Defot ɗin Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924, da Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna da aka buɗe a 1964, duka sun ɗauki al'adar faretin fita daga sojan Ingila. Yakubu Gowon kansa a makarantar sojan Ingila ta Sandhurst ya yi nasa faretin a shekarun 1950. Da gwamnatinsa ta kafa NYSC da Doka ta 24 a shekarar 1973, sai aka gina shirin bisa tsarin soja: sansani, kaki, fareti da busa ƙaho da asuba. Har yau sojoji ne ke koya wa matasa maci a sansanin Wailo da ke Ƙaramar Hukumar Ganjuwa. Ta wannan ƙofa harshen bariki ya fito ya shiga bakin farar hula. Ko laƙabin "ajuwaya" da ake kiran 'yan bautar ƙasa da shi, umarnin filin fareti ne da kunnen jama'a ya lanƙwasa. Abin da Nijeriya ta ƙara shi ne faɗaɗawa, har ɗan sakandare da mai koyon ɗinki suna cewa sun yi "pass out".

Inda ɗalibi Bahaushe ke tuntuɓe ba a nan ba ne. Matsalar ita ce ana koya masa kalmomin biyu a rarrabe, ya haɗa da kansa, ya sami "wuce waje", alhali ma'anar tana cikin dunƙulen. Abin da ke damuna shi ne yana da mabuɗin a harshensa, ba a nuna masa ba. Wanda ya san "ci gaba" da "ci amana" ba su da alaƙa da abinci, ya riga ya fahimci ƙa'idar. Bugu da ƙari, aikin da Turanci ke yi da 'yan ƙananan kalmomi irin "out", Hausa da ƙarshen aikatau take yin sa: fita, fito, fitar. Wannan shi ne tsarin giredin aikatau da masanin harshe F. W. Parsons ya bayyana a 1960.

Don haka malamin da ke aji a Bauchi ya fara da ma'anar da ɗalibansa ke ji a bakin sakatariya, ya ce musu daidai take da yaye, kamar yadda gidajen rediyo ke cewa an yaye sababbin sojoji. Daga nan ya kawo suma da rarrabawa, kowacce cikin jimlarta. Ya kuma gargaɗe su cewa in suna rubuta wa jami'ar Amurka takardar neman gurbi, su zaɓi "graduate" ko "complete".