Taswirar Tunani Da Hikimar Hadda A Ƙasar Gwandu

Ya mai karatu, a duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato za ka ga ɗalibi ya duƙufa a kan littafi tun magariba har asuba, amma da ya shiga ɗakin jarrabawa sai abin ya bi iska. Wannan matsala ce ta sa wani Bature ɗan Ingila mai suna Tony Buzan ya yaɗa dabarar taswirar tunani a shekarar 1974, ta wani shirinsa na talabijin a BBC. Yadda ake yi shi ne, a rubuta kan darasi a tsakiyar takarda, a fitar masa da rassa kamar na itace, kowane reshe da kalma guda da launinsa, domin ido ya taimaki ƙwaƙwalwa.

To amma shin kafin Buzan kakanninmu ba su da hanyar ɗaure karatu? Ɗan Bahindi da ke ƙasar Bagudo, daf da iyakar Jamhuriyar Benin, ba sai ya yi nisa wajen neman amsa ba, domin ƙasarsu tana ƙarƙashin masarautar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna har rasuwarsa a 1829. Malam Abdullahi ya san cewa zube yana da wuyar riƙewa, don haka ya mayar da manyan fannoni waƙa. Ilimin sarfu ya tsara shi a Hisnur Rasin, ilimin tafsiri kuma a Miftahut Tafsir. Kari da amsa-amo su ne igiyar, in baiti ya ɓace wa ɗalibi, sautin na gabansa zai jawo masa shi.

'Yar wansa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ma ta bi wannan hanya. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin waƙa, jajis ɗinta na 'Yan Taru kuma suka riƙa kai waƙoƙinta ƙauyuka suna koya wa mata.

Makarantar allo kuwa tun daga babbaƙu take ba harafi siffa. Yaro ba ya cewa "ba" kawai, sai "ba guje", haka "ta kuri" da "lam jaye", wato yana ganin hoton harafin kafin ya furta shi. Alƙur'ani an raba shi izifi 60, kowane izifi sumuni 8, sumuni 480 ke nan. Gwani kuma yakan ƙididdige sau nawa wata kalma ta zo da wuraren da ta zo, abin da ake kira harji. In ba taswira ba ce wannan, to mece ce?

Bambancin dai shi ne, tasu taswirar a kunne da harshe take, ana raya ta da tilawa kullum, ta Buzan kuwa a takarda. Abin takaici, ɗalibanmu da yawa a yau sun saki ta gida, ba su kuma kama ta waje ba, sai kwafar allo kawai. Malamin aji a Bahindi da ba shi da komai sai alli yana iya zana darasin a matsayin itace mai rassa, ya sa yara su rera rassan, sa'an nan ya goge ya ce kowa ya sake zanawa daga ka, kamar yadda almajiri ke wanke allo bayan ya haddace.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.