Game Boy: tsohuwar na'urar wasa da masu gyara suka hana ta mutuwa

Game Boy na'urar wasa ce ta riƙe a hannu da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a watan Afrilun 1989, ƙarƙashin injiniya Gunpei Yokoi. Sikirin ɗinta ba kala, kore-kore ne kawai, kuma batir huɗu 'yan ƙanana take ci. Ita da ƙanwarta Game Boy Color ta 1998 an sayar da sama da miliyan 118. Tetris da Pokémon su ne suka fi yi mata suna.

Kamfanin ya daɗe da daina ƙera ta. Yau masu riƙe da ita su ne masu sha'awa a Amurka, Turai da Japan, waɗanda ke sayen matattu a araha su tashe su, kamar mai sayen ramammiyar saniya a kara ya yi mata kiwo. Suna koya wa juna aikin kyauta ta intanet, shi ya sa kusan duk ciwon da ke kama ta an san maganinsa.

Yawanci ciwon ba babba ba ne. Batirin da aka manta a ciki ya yi shekaru yakan zubo ya cinye ƙarafunan da yake zama a kai. Ruwan khal da buroshi ke wanke wannan. Kaset ya ƙi tashi? Datti ne a haƙoransa, a goge da auduga da sifirit. Hura masa iska da baki da yara ke yi, danshi kawai yake ƙara masa. Layukan da ke ɓacewa a tsaye a sikirin ɗin ta farko kuwa, ana bi ta kan wayar da ke ƙasan gilashin da ƙarfen narka dalma a hankali har su dawo. Game Gear ta kamfanin Sega, ta 1990, ita ce mai wahala: kafasitocinta na yoyo, sauti ya tafi, hoto ya dushe, sai an canza su duka.

Wanda ya fi ciwo shi ne ɗan batir mai kama da kwabo da ke cikin kaset. Shi ke riƙe inda mai wasa ya tsaya. Ranar da ya mutu, duk abin da mutum ya tara ya tafi. Pokémon Gold da Silver sun fi saurin cinye shi saboda agogon da ke cikinsu ba ya tsayawa. Masu gyara sukan kwafe bayanan zuwa kwamfuta tukun, sannan su canza batirin.

Akwai gardama a tsakaninsu. Wasu na sa sabon sikirin mai haske da batirin caji, wasu na ganin hakan ɓata kayan tarihi ne. Ni dai ina ganin wadda ta riga ta fashe a sabunta ta, lafiyayya kuma a ƙyale ta yadda take.

Abin ya wuce sha'awa. Binciken Video Game History Foundation na 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Tsohon kaset ɗin nan, sau da yawa shi ne hanyar halal da ta rage.

Ga 'yan'uwa masu gyaran waya a Computer Village ta Ikeja ko masu harkar tokunbo a Alaba: aikin nan ya fi na waya sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai a nemi sukundireba mai baki uku, domin da irin wannan noti Nintendo ke ɗaure bayanta.