Rikicin Zirin Aouzou

Rikicin Zirin Aouzou taƙaddama ce a kan iyaka tsakanin ƙasashen Libiya da Chadi, wadda ta ɗauki fiye da shekara 20. Ta fara ne a shekarar 1973, lokacin da sojojin Libiya ƙarƙashin mulkin Kanar Mu'ammar Gaddafi suka shiga wani yanki na arewacin Chadi suka zauna, ta kuma ƙare a shekarar 1994 bayan Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukuncin cewa yankin na Chadi ne. Ana yawan kawo wannan rikici a matsayin misali idan ana maganar yadda ya kamata sauran ƙasashe su yi in wani mai mulkin kama-karya ya ƙwace ƙasar maƙwabcinsa, domin an gwada kusan kowace hanya a cikinsa: sulhu, rundunar kiyaye zaman lafiya, yaƙi da kuma shari'a.

Yankin da mutanensa

Zirin Aouzou yanki ne na hamada da ya miƙe a kan iyakar Chadi da Libiya, daga kusa da iyakar Nijar a yamma zuwa wajen iyakar Sudan a gabas. Faɗinsa ya kai kimanin kilomita 100, girmansa kuma kimanin murabba'in kilomita 114,000. Ya samo sunansa daga wani ƙaramin gari mai dausayi da ke arewacin tsaunukan Tibesti. Mazaunansa ba su da yawa, kuma galibinsu Tubawa ne, masu kiwon raƙuma da awaki da noman dabino. An daɗe ana cewa akwai ma'adinin yuraniyom a yankin, kuma ana ganin wannan zato yana cikin dalilan da suka sa Libiya ta ƙwallafa rai a kansa.

Asalin taƙaddamar

Turawan mulkin mallaka ne suka shata iyakar. Ingila da Faransa sun raba yankin a kan takarda a yarjejeniyoyin 1899 da 1919. A ranar 7 ga Janairu, 1935, Pierre Laval, ministan harkokin wajen Faransa, da Benito Mussolini na Italiya, wadda take mulkin Libiya a lokacin, suka sa hannu a wata yarjejeniya da ta miƙa zirin ga Italiya. Sai dai ƙasashen biyu ba su kammala musayar takardun tabbatar da ita ba, kuma Italiya ta yi watsi da ita a shekarar 1938.

Libiya ta samu 'yancin kai a shekarar 1951. A ranar 10 ga Agusta, 1955, gwamnatin Sarki Idris ta ƙulla yarjejeniyar abota da kyakkyawar maƙwabtaka da Faransa. Wannan yarjejeniya ta lissafa tsofaffin takardun da suka shata iyaka, kuma ba ta ambaci ta 1935 a cikinsu ba. Da Chadi ta samu 'yancin kai a ranar 11 ga Agusta, 1960, sai ta ɗauki wannan iyaka a matsayin tata.

Mamayar Libiya

Gaddafi ya hau mulki ta hanyar juyin mulki a ranar 1 ga Satumba, 1969. A lokacin Chadi tana cikin yaƙin basasa tsakanin gwamnatin François Tombalbaye da 'yan tawayen FROLINAT, ƙungiyar da aka kafa a garin Nyala na Sudan a shekarar 1966. Libiya ta taimaka wa 'yan tawayen. A ƙarshen 1972 Tombalbaye ya yanke hulɗa da Isra'ila ya kuma shirya da Gaddafi, sannan a 1973 sojojin Libiya suka shiga Aouzou ba tare da an tare su ba. An yi ta raɗe-raɗin cewa Tombalbaye ya amince da hakan a asirce, amma ba a tabbatar da wannan magana ba. Libiya ta kafa sansanin soja a yankin, ta riƙa tafiyar da shi kamar wani ɓangare na ƙasarta.

Hujjojin Libiya su ne yarjejeniyar 1935, da kuma cewa kafin zuwan Faransawa yankin yana ƙarƙashin ikon ɗariƙar Sanusiyya da Daular Usmaniyya ta Turkiyya, waɗanda Libiya ta ce ita ce magajiyarsu.

Ƙoƙarin ƙasashen Afirka

Tun a taron Alƙahira na shekarar 1964, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda aka fi sani da OAU, ta amince cewa kowace ƙasa za ta mutunta iyakokin da aka tarar a lokacin samun 'yancin kai. Bayan an kashe Tombalbaye a juyin mulkin 1975, gwamnatin Janar Félix Malloum ta kai ƙara gaban ƙungiyar a taron Libreville na 1977, aka kafa kwamitin sulhu ƙarƙashin ƙasar Gabon. Kwamitin bai iya fitar da Libiya ba.

Najeriya, wadda take da iyaka da Chadi ta wajen Tafkin Chadi, ta karɓi baƙuncin tarurrukan sasanta ɓangarorin Chadi a Kano a watan Maris na 1979, da kuma Legas a watan Agusta na shekarar. Yarjejeniyar Legas ce ta kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ƙarƙashin Goukouni Oueddei, Hissène Habré kuma ya zama ministan tsaro. Ba a jima ba mutanen biyu suka ɓata. Goukouni ya nemi taimakon Libiya, kuma a watan Disamba na 1980 tankokin Libiya suka shiga N'Djamena. A ranar 6 ga Janairu, 1981, aka sanar a Tripoli cewa ƙasashen biyu za su haɗe su zama ɗaya.

Wannan sanarwa ta tayar da hankalin ƙasashen yankin, kuma shugabannin Afirka da suka haɗu a Lome a cikin watan sun yi tir da ita. A watan Nuwamba na 1981 Libiya ta janye daga N'Djamena, amma ta ci gaba da riƙe Aouzou. OAU ta tura rundunar kiyaye zaman lafiya ta sojojin Najeriya da Sanagal da Zayar, ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga na Najeriya. Rundunar ta yi fama da ƙarancin kuɗi da kayan aiki, kuma ba a ba ta izinin yaƙi ba. Tana nan Habré ya ƙwace N'Djamena a ranar 7 ga Yuni, 1982.

Shigowar Faransa da Yaƙin Toyota

A shekarar 1983 Libiya ta sake kutsawa kudu tare da mayaƙan Goukouni, suka kama Faya-Largeau. Faransa ta aika dubban sojoji a wani shiri da ta kira Manta, ta ja layi a tsakiyar ƙasar wanda ta ce Libiya ba za ta ƙetare ba. Wannan ya kare N'Djamena, amma ya bar arewacin Chadi a hannun Libiya. A watan Satumba na 1984 Faransa da Libiya suka amince kowa ya janye. Faransa ta kwashe sojojinta, Libiya kuwa ta bar nata. A watan Fabrairu na 1986 Faransa ta dawo da wani shiri mai suna Épervier, jiragenta suka kai hari filin jirgin saman da Libiya ta gina a Ouadi Doum.

A ƙarshen 1986 yawancin mayaƙan Goukouni suka juya wa Libiya baya. Sojojin Chadi, ƙarƙashin Hassan Djamous, sun yi amfani da motocin Toyota a-kori-kura ɗauke da makaman fasa tankoki samfurin MILAN da Faransa ta ba su, shi ya sa ake kiran wannan mataki Yaƙin Toyota. Sun kama Fada a ranar 2 ga Janairu, 1987, sannan Ouadi Doum da Faya-Largeau a watan Maris. Cikin fursunonin da aka kama akwai Kanar Khalifa Haftar. A ranar 8 ga Agusta suka shiga garin Aouzou, amma Faransa ta ƙi ba su kariya ta sama, domin matsayinta shi ne a warware batun zirin ta hanyar shari'a. Libiya ta sake ƙwace garin kafin ƙarshen watan. A ranar 5 ga Satumba sojojin Chadi suka kai hari sansanin Maaten al-Sarra a cikin Libiya, sannan OAU ta samu aka tsagaita wuta a ranar 11 ga Satumba.

Hukuncin Kotun Duniya

A ranar 31 ga Agusta, 1989, ƙasashen biyu suka amince a birnin Aljiyas cewa idan ba su daidaita cikin shekara guda ba, za su je kotu. An shigar da ƙarar a 1990. A ranar 3 ga Fabrairu, 1994, alƙalai 16 suka goyi bayan Chadi, ɗaya ya saɓa. Kotun ta ce yarjejeniyar 1955 ta riga ta shata iyakar, don haka babu buƙatar duba tarihin Sanusiyya ko na Turkawa. Ta kuma ce ko da yake an ƙulla yarjejeniyar ne na shekara 20, iyakar da ta kafa tana nan daram ko bayan wa'adin ya ƙare.

Libiya ta karɓi hukuncin. An sa hannu a tsarin janyewa a garin Sirte a ranar 4 ga Afrilu, 1994, da gwamnatin Idriss Déby, wanda ya kori Habré a 1990. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa tawagar sa ido ta ƙudiri mai lamba 915, mai jami'an soja tara kacal, kuma a ranar 30 ga Mayu, 1994, ɓangarorin biyu suka tabbatar cewa Libiya ta gama janyewa.

Muhawara a kan martanin sauran ƙasashe

Sashe na 2, sakin layi na 4, na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta amfani da ƙarfi a kan yankin wata ƙasa. Saɓanin da ake yi shi ne a kan yadda za a tilasta bin wannan doka.

Masu ganin sai da ƙarfi suna nuni da cewa Libiya ba ta yarda da zuwa kotu ba sai bayan ta sha kashi a 1987, kuma abin da ya faru a 1984 ya nuna cewa alƙawarin janyewa ba ya da amfani idan babu mai sa ido. Masu fifita shari'a kuwa suna cewa yaƙi bai maido da Aouzou ba, hukuncin kotu ne ya maido da shi, domin ya ba Gaddafi hanyar ficewa ba tare da an ce Chadi ta kore shi ba. Ana kuma ambaton cewa a lokacin Libiya tana ƙarƙashin takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa mata a 1992 saboda harin jirgin Lockerbie, don haka tana buƙatar gyara sunanta. Abin da ya share fagen duka waɗannan shi ne OAU da Majalisar Ɗinkin Duniya ba su taɓa amincewa da mamayar ba, duk tsawon shekarun da ta ɗauka.

Akwai kuma batun wanda aka mara wa baya. Faransa da Amurka sun tallafa wa Habré domin ya taka wa Gaddafi birki, alhali shi ma mulkin kama-karya yake yi. Kwamitin bincike na Chadi ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum kimanin 40,000 a zamaninsa. A ranar 30 ga Mayu, 2016, wata kotu ta musamman da Tarayyar Afirka ta mara wa baya a Dakar ta same shi da laifin cin zarafin bil'adama, ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya mutu a Sanagal a watan Agusta na 2021.