Me Ke Riƙe Malami Cikin Aji?

 Yau ga ka riƙe da wannan takarda kana karantawa da kanka. Bara ko bariya, sai ka nemi wani ya karanta maka wasiƙarka, ya ji asirinka. Wani mutum ne ya tsaya gaban allo har idonka ya buɗe. Ka taɓa tambayar kanka abin da ke kawo shi kullum, ko da sanyi ko da iska?

Abubuwa biyu ke kai malami wurin aikinsa. Na farko daga waje yake zuwa: albashi, hatsi, girma, ko tsoron mai binciken makarantu. Na biyu cikin zuciya yake: son karatun kansa, da daɗin da malami ke ji ran da ɗalibi ya rubuta sunansa da hannunsa. Zo mu bi tarihin ƙasarmu mu ga yadda biyun nan suka yi tafiya tare, da abin da ya faru duk lokacin da ɗaya ya rasa ɗan'uwansa.

Zamanin allo

Tun kafin zuwan Nasara akwai karatu a ƙasar nan. A Agadas da Damagaram da Gobir da Adar, yara na zama kewaye da wuta da dare suna biya allunansu. Malamin allo ba shi da albashi. Lada yake nema wurin Allah. Amma gari bai bar shi da yunwa ba. Ran Laraba yara su kai masa ɗan abin da aka ba su gida. Da damina almajirai su taya shi noma. Da kaka a kai masa damman zakka. Ran da yaro ya yi sauka, uba ya yi yanka, ya kai wa malam tukwici. Ka ga zuciyar malam ce ke jan aikin, gari kuma na riƙe da cikinsa.

Ga wani labari da masu tarihi suka rubuta. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1754. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami don sallar layya, ya raba musu kyauta. Shehu aka ba shi zinariya miskali 500. Ya ƙi karɓa. Maimakon dukiyar, ya roƙi sarki abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa zuwa saurarensa, a girmama mai rawani, a saki ƴan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Lura da kyau: abin da malamin ya nema shi ne a sakar masa hanya ya yi aikinsa.

Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta shirya mata masu koyarwa da ake kira jaji. Takan naɗa wa jaji malfa da jan ƙyalle. Jaji ta koma ƙauyensu ta koya wa mata addini da zaman duniya. Ba a biyan su. Malfar nan ita ce shaidar an yarda da su, kuma yardar nan ta riƙe aikin shekara da shekaru bayan rasuwar Nana.

Zamanin Nasara da lakwal

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Nan ne ya zama babban birnin ƙasar, kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Nasara na bukatar tafinta da magatakarda, saboda haka suka buɗe lakwal. Mutane ba su so ba. Komandan sai ya aza wa sarakuna tilas su kawo yara. Waɗansu suka ɓoye ƴaƴansu, suka tura ɗiyan barorinsu da na talakawa.

A lokacin ne aka samu sabon malami, wanda muke kira mushe. Shi gwamnati ke biyansa ƙarshen wata. Yaron da ya fi ƙoƙari akan kai shi Senegal, makarantar William Ponty, inda ake horar da malamai na ƙasashen da Faransa ke mulki. Bubu Hama, wanda aka haifa a Foneko kusa da Tera a 1906, shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito daga can da takardar koyarwa, a 1929. Jori Hamani ma can ya yi karatu, ya koyar a Yamai da Maraɗi. Jibo Bakari shi ma malami ne, ya koyar a Birnin Ƙwanni da Agadas.

A wancan zamani mushe babban mutum ne. Yana da albashi, yana da sutura, yana iya magana da komandan ba tafinta. Da siyasa ta zo, malaman nan suka shiga gaba. Jibo Bakari ya shugabanci gwamnati a 1957. Jori Hamani ya zama shugaban ƙasa a 1960. Bubu Hama ya riƙe majalisar dokoki har 1974. Ƙasa ta amfana da su, amma aji ya rasa gwanayensa da yawa, don ofis ya fi aji girma da kuɗi. Duk da haka, wanda koyarwa ta shiga jininsa ba ya rabuwa da ita. Bubu Hama yana shugaban majalisa bai daina rubuta littattafai ba. Ya sa aka bi ƙasa ana tara tsofaffin takardun Larabci da ajami, don kada na baya su rasa su.

Bayan ƴancin kai

Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu ƴancin kai. Cikin yara 100 da suka isa shiga lakwal, waɗanda ke ciki ba su kai 5 ba. A 1963 aka soma yaƙi da jahilci na manya. Malamai da yawa suna gama aikin rana da yara, da dare su kunna fitila su zauna da iyayen yaran. A ƙasar Maraɗi da Damagaram manoman gyaɗa suka koyi karanta awon kilo da rubuta lissafin kasuwarsu. Daga cikinsu aka samu waɗanda suka koma koya wa ƴan garinsu. Abin da ake ba su kaɗan ne. Amma ganin maƙwabci ya daina yarda a cuce shi wurin awo, wannan ma biya ne.

Wani ɗan Tasawa, Abdu Mumuni, wanda aka haifa a 1929, masanin kimiyya ne. A 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka, inda ya nace a koya wa yaro da harshen da ya sha a nono. A 1973 aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa. Wannan ya shafi zuciyar malami. Wanda ya wuni yana magana yara na kallonsa ba su gane ba, gajiyarsa biyu ce. Wanda ya yi tambaya hannuwa suka tashi, da ƙarfinsa zai koma gida. Yau jami'ar Yamai sunan Abdu Mumuni take ɗauke da shi.

Shekarun wuya

Kuɗin yuraniyom ya faɗi cikin shekarun 1980, aljihun gwamnati ya ƙone. Cikin shekarun 1990 malamai suka riƙa yin wata da watanni ba albashi. A Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. Aka yi ta yajin aiki. Akwai shekarun da yara suka rasa karatu ɗungum. Malamin da ke son aikinsa ma dole ya fita neman abin da zai kai gida. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A 1998 gwamnati ta soma ɗaukar matasa ƴan sa kai, waɗanda daga baya aka kira malaman kwantaragi. Abin da ake ba su bai kai rabin albashin cikakken ma'aikaci ba, horonsu kuma gajere ne. Ta haka aka buɗe lakwal a ƙauyuka masu yawa, har ƴan kwantaragi suka fi sauran malamai yawa. Waɗansu sun shigo don rashin wani aiki, da sun samu hanya sai su tafi. Waɗansu sun shigo haka nan, amma aikin ya kama zuciyarsu, suka zauna. Dukansu sun sha jiran kuɗi, sun sha rufe aji su tafi birni karɓar albashi.

Abin da masana suka gano

A 1971 wani masani ɗan Amurka mai suna Edward Deci ya fitar da sakamakon wani gwaji da ya yi. Ya ba ɗalibai wasan haɗa ƴan guntaye, mai daɗi da wasa ƙwaƙwalwa. Waɗansu ya biya su kan kowane da suka haɗa, waɗansu bai biya su ba. Da ya daina biya, waɗanda suka saba karɓar kuɗi suka rage taɓa wasan. Sauran ba su rage ba. Daga baya shi da abokin aikinsa Richard Ryan suka nuna abubuwa uku da ke rayar da son aiki: mutum ya ji yana da ta cewa, ya ji ya iya, ya ji mutane na tare da shi.

Kada ka ce ashe sai a hana malami kuɗi. A'a. Haƙƙinsa ne a biya shi daidai, kan lokaci. Abin da gwajin ya nuna shi ne kuɗi kaɗai ba ya shuka son aiki. Kakanninmu sun san haka. Shehu hanya ya nema. Jaji yarda aka ba ta. Malamin allo gari ne ya tsaya bayansa.

To, kai fa?

Albashi ba a hannunka yake ba. Amma akwai abin da ke hannunka. In an turo muku baƙon malami, ku ba shi ɗaki mai kyau, kada ku bar shi kwana cikin aji. Ku gyara rumfar karatu kafin iska ta kwashe ta. Ku ara masa ɗan fili ya shuka wake. Kada ka cire yaronka daga aji ka tura shi kiwo ko kasuwa, don wurin zaman da ba kowa yana karya gwiwar malami. Ɗiyarka ma ka bar ta ta gama. In an kira taron iyayen yara, ka tafi, ka faɗi ra'ayinka, ka ji nasa. In ya yi fashi ba dalili, ku yi masa magana cikin mutunci. In kuɗinsa ya makara, yanzu kun iya rubutu: ku haɗu ku rubuta wa hukuma takarda, kowa ya sa hannu.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko dala. Ɗauki alƙalami yau, ka rubuta wa wanda ya koya maka layi biyu na godiya, da hannunka, ka kai masa. Zai karanta ya ga aikinsa. Sa'an nan ka duba cikin gidanku ko akwai wanda bai san baƙi ba tukuna, ka zaunar da shi ka fara nuna masa.